Me ya sa taya ke ƙugi idan ta fara cinyewa, kuma wace iri ya kamata ka saya?

Duk wanda ya saba doguwar tafiya a mota ya san wannan sautin. An bar cikin gari, an hau babban titi, gudu ya kai kilomita 70 ko 80, sai wani ƙugi ya taso daga ƙarƙashin mota, wuu-wuu-wuu, har sai an ƙara muryar rediyo. Watanni kaɗan baya, shiru motar nan take tafiya. Wani mai motar nan take zai ce an cuce shi, an sayar masa da taya marar kyau. Wani kuma ya garzaya gareji a canza masa boris, ya biya kuɗi, ya dawo titi ya tarar da ƙugin yana nan daram.

A mafi yawan lokuta ba daga tayar matsalar ta faro ba. Tayar da ta soma ƙugi bayan an ɗan jima ana hawanta, galibi wani abu ne a ƙafar motar, ko a yawan iskar da ake ba ta, ya sa ta cinye ba daidai ba. Idan aka cire ta aka sa sabuwa ba tare da an gyara wannan abin ba, tsugune ba ta ƙare ba, domin sabuwar ma haka za ta koma kafin shekara ta zagayo. Shi ya sa ba a raba zancen zaɓen taya da zancen ƙugi, kuma ba a fahimtar ɗayansu sai an san inda sautin yake fitowa tun farko.

Daga ina sautin yake fitowa?

Kowace taya tana ƙara, har sabuwa dal. A ƙaramar mota, da zarar gudu ya wuce wajen kilomita 40 zuwa 50 a awa, ƙarar tayoyi takan rinjayi ta inji. Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16, irin wadda ake gani a Corolla da sa'o'inta. Kewayenta ya kusa mita 2, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. A jikinta akwai haƙoran roba jere, wajen 60 zuwa 70 a layi ɗaya, kowanne yana dukan kwalta idan layi ya zo kansa. Idan ka lissafa, duka kusan 900 ke nan a daƙiƙa guda, kuma amon da irin wannan saurin yake bayarwa yana cikin waɗanda kunnen ɗan Adam ya fi saurin kamawa. Ban da duka, akwai iskar da ke maƙalewa a cikin ramukan zanen: taya na danne ta, sai ta fita da ƙarfi, haƙorin na ɗagawa kuma sai ta koma. Wannan ne ke ba da shuu ɗin da ake ji idan mota ta wuce mutum a bakin titi.

Sai kuma cikin tayar kanta. Taya ganga ce, fata ce aka ɗaure a kan iska, kuma duk abin da ya bugi fatar sai cikin ya amsa. Wannan amsawar tana da amo mai kauri, tana bi ta rim da ƙafar mota ta shiga bodi, shi ya sa na cikin mota ya fi jin ta fiye da na waje. Kamfanoni irin su Michelin da Continental da Pirelli suna yin wasu tayoyin da ake manna soso a cikinsu don ya shanye wannan amon, musamman saboda motocin lantarki da babu ƙarar inji da za ta rufe ta taya.

Masu ƙera taya sun daɗe da sanin cewa idan haƙoran duk girmansu ɗaya ne, dukan zai haɗu ya zama amo guda mai huda kunne. Saboda haka da gangan suke bambanta su. Idan ka tsuguna ka dubi kafaɗar tayarka da kyau, za ka ga wani haƙorin gajere ne, wani matsakaici, wani dogo, an cakuɗa su. Wannan cakuɗar ce take watsa sautin ya zama ba ya damun kowa. Shirun sabuwar taya, ke nan, aikin lissafi ne da aka yi a kan siffar haƙoranta, kuma duk abin da ya ɓata wannan siffar ya ɓata shirun.

Titi ma yana da nasa kason. Sabuwar kwalta mai laushi ba ta ƙara kamar wadda aka watsa wa tsakuwa a sama, kuma titin kankare, irin na Obajana zuwa Kabba, yana da nasa amon daban. Wannan ba laifin taya ba ne, amma zai yi mana amfani nan gaba wajen gano mai laifin.

Yadda cinyewa ke canza muryar taya

Sabuwar tayar ƙaramar mota takan zo da zane mai zurfin wajen milimita 8. Idan tana cinyewa daidai wa daida, daga wannan kafaɗar zuwa waccan, sautinta yana canzawa amma a hankali. Robar da ke tsakanin titi da wayoyin ƙarfen cikin tayar tana raguwa, don haka abin da ke tare duka ya ragu, kuma rana da zafi suna busar da robar ta yi tauri. Wannan ƙarin ƙarar kaɗan ne, mutum zai iya zama da shi. Ƙugin da ke hana hira a mota na cinyewar da ba daidai ba ne, kuma tafin hannu ya fi ido saurin gano shi.

Ka faka motar a inuwa, ka bari tayar ta huce, ka duba babu waya a waje, sannan ka shafa tafin hannunka a kan zanen, gaba da baya, bisa yadda tayar take juyawa. Idan ta wani ɓangaren hannunka yana wucewa sumul, ta ɗaya ɓangaren kuma yana tuntuɓe da kaifi, to kowane haƙori ya cinye ta baki ɗaya ya bar ɗaya bakin a tsaye. Wannan ya fi samun tayoyin baya na motocin da tayar gaba ke jan su, wato yawancin ƙananan motocin da ke titunanmu, Corolla da Camry da Golf da 406 duka. Tayar baya a irin waɗannan motocin ba ta ja, nauyin da ke kanta kaɗan ne, binta kawai take yi, don haka haƙoranta sukan goge ta fuska ɗaya. Maganin abin tun kafin ya faru shi ne a riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Aikin bai kai awa ɗaya ba a wurin mai faci, amma kaɗan ne daga cikinmu suke yi, kuma ina ganin rashin yinsa ya fi komai jawo ƙugin da ake ɗora wa kamfanonin taya.

Idan kuma hannunka ya ji kwari da tudu, kwari da tudu, a zagaye da tayar, to zancen ya koma kan shokozoba. Aikin shokozoba shi ne ta danne taya a ƙasa bayan ta ci karo da rami. Idan ta mutu, tayar tsalle take yi a kan titi ko da direba bai ji ba, duk inda ta dira sai ta ɗan goge, kuma da kwarin farko ya samu, shi zai riƙa jawo tsallen gaba. Tayar da ba a yi mata balansin ba ma tana iya yin haka. Wannan irin cinyewar ce ke ba da wuu-wuu mai hawa da sauka, kuma ita ce aka fi rikitawa da boris. A hanyoyinmu masu ramuka da gargada shokozoba ba ta daɗewa, ga shi kuma yawancin motocin da ake shigo da su sun riga sun ci rabin ƙarfin tasu a ƙasar da suka fito.

Akwai kuma cinyewar da ake ji idan an shafa hannu daga waje zuwa ciki, a kwance: kowane layin zane gefe ɗaya kaifi, gefe ɗaya a kwance. Wannan alaimen ne ya kauce, tayoyin biyu ba su fuskanci gaba sak ba, suna ɗan goga ƙasa a karkace duk tsawon tafiya. Kafaɗa ɗaya kaɗai ta cinye, musamman ta ciki wadda ba a gani sai an leƙa, ita ma tana nuna alaimen ne ko wani ƙarfe da ya lanƙwashe ko bushin da ya saki. Faɗawa rami ɗaya mai kyau ya isa ya jawo haka. Kuma babu amfanin yin alaimen a kan ƙafar da ke da sako-sako, domin kana fita daga wurin saitin zai gudu. A fara gyara abin da ya saki, sannan a saita.

To yaya za a bambanta ƙugin taya da na boris? Nan ne bambancin titi yake da amfani. Ƙugin taya yana canza murya idan aka tashi daga kwalta mai tsakuwa aka hau mai laushi. Na boris bai damu da irin titin ba, abin da ya dame shi nauyi ne. A titin da babu kowa, a matsakaicin gudu, idan ka ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama, nauyin motar yana komawa gefe guda, kuma boris ɗin da ya lalace zai ƙara kuka idan nauyin ya hau kansa, ya sassauta idan ya sauka. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a sauya tayoyin, na baya su dawo gaba. Idan ƙugin ya biyo su, ka san taya ce. Idan ya tsaya inda yake, a ɗaga motar da jak a juya ƙafar da hannu a saurara. Wannan gwajin kuɗin mai faci kawai zai ci, kuma ya kamata a yi shi kafin a sayi ko da boris ɗaya.

Wani abu da ya kamata a yi hattara da shi: shiru ba shaidar lafiya ba ce. Tayar da ta suɗe sumul, zanen ya tafi gaba ɗaya, tana iya fin mai zane shiru a busasshiyar kwalta, saboda babu haƙoran da za su yi duka. Amma zanen nan shi ne hanyar da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashin taya. Idan babu shi, ruwan sama na Agusta ya kwanta a titi, sai motar ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau, birki ya zama ba shi da abin kamawa. A cikin ramukan zanen kowace taya akwai wasu ƙananan tudu da aka yi a tsayin milimita 1.6. Ranar da zanen ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Wannan shi ne iyakar da doka ta sa a ƙasashen Turai, kuma masana da yawa suna ba da shawarar kada a shiga damina da zanen da bai kai milimita 3 ba.

Batun iska

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yin kuskure da zuciya ɗaya. A jikin kowace taya akwai lambar iska, sau da yawa 44 ko 51 a ma'aunin psi, wanda shi ne gejin masu faci ke nunawa. Wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke buƙata ba. Abin da motar ke buƙata yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, kuma a ƙananan motoci yakan kama tsakanin 30 da 35. Masu faci da yawa sukan buga 45 ko 50 saboda a ganinsu taya mai tauri ta fi ƙarfi. Abin da hakan ke haifarwa shi ne tsakiyar zanen ya cinye kafin gefuna, motar ta riƙa dukan mutum a kowane rami, ƙara ta ƙaru, kuma robar da ke taɓa ƙasa, wadda dama ba ta wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya, ta ƙara raguwa.

Kishiyar wannan ta fi haɗari. Akwai direbobin da ke rage iska idan bazara ta shigo, wai don kada zafi ya kumbura tayar ta fashe. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa da zafi, wajen psi 1 a duk digiri 5 ko 6, kuma a doguwar tafiya tana iya hawa da 3 zuwa 5. Amma an yi tayar da sanin haka, ba wannan ke fasa ta ba. Abin da ke fasa taya a kan gudu shi ne lanƙwasuwa. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe a kowane juyi, sau 14 a daƙiƙa kamar yadda muka lissafa, wannan lanƙwasuwar tana haifar da zafi a cikin robar, zafin kuma ya raba roba da wayoyin ƙarfe. Ka haɗa wannan da kwaltar Afrilu a hanyar Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, inda zafin iska kansa ke wuce digiri 40, ka ƙara da lodin da ya fi ƙarfin mota, ka ga yadda ake samun fashewar taya.

An ga misalin wannan a fili a Amurka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, yawancinsu a kan motar Ford Explorer, bayan zanen tayoyin ya riƙa saɓulewa a kan gudu motoci suna kifewa. Haɗuran sun fi yawa a jihohin kudu masu zafi, kuma tun kafin nan an ga matsalar a Saudiyya da Benezuwela. Kamfanonin biyu, Firestone da Ford, sun yi ta jifan juna da laifi, ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi gardama a kai kuwa shi ne iskar psi 26 da aka ce a riƙa ba tayoyin. Daga wannan rikicin ne Amurka ta yi dokar da ta sa duk sabuwar ƙaramar mota, daga 2007, ta zo da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Motocin Amurka da ake kawowa nan suna da wannan fitilar, 'yar rawaya mai alamar motsin rai a tsakiya, kuma abin takaici ne yadda ake barinta a kunne shekara da shekaru ba a bincika ba.

A auna iska da safe kafin a yi nisa, aƙalla sau ɗaya a wata, domin ko babu huji taya tana sace iska kaɗan-kaɗan. Idan an tsaya a hanya an ga ta hau saboda zafi, kada a rage. Sayen ƙaramin geji naka na kanka ya fi, domin na bakin titi sun sha faɗuwa ƙasa.

A wurin saye

Girman taya ba abin ra'ayi ba ne, yana nan a takardar jikin ƙofa. A 205/55 R16 91V, lambar farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 55 cikin 100 na faɗin, 16 kuma girman rim ne a inci. Abin da aka fi mantawa shi ne na ƙarshen. Lamba 91 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 615, 94 kilo 670, 100 kilo 800. Harafin kuma iyakar gudu ne: T kilomita 190, H 210, V 240. Ba don za ka yi wannan gudun ba, amma taya mai harafin gudu mafi yawa an yi ta ne ta jure zafi fiye da mai harafin gudu kaɗan. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Ga masu bas irin Hiace abin ya fi tsanani: tayarsu mai harafin C ce a ƙarshen girman, kamar 195 R15C, wadda kowace ɗaya ke ɗaukar kilo 900 da wani abu. Sa wa bas mai cike da fasinja da kaya tayar ƙaramar mota don girman ya yi daidai wasa da rayuka ne, kuma ana yi.

Masu son sa babban rim da siririyar taya don kwalliya su sani cewa suna sayen ƙara da kuɗinsu. Gajeren gefe ba ya shanye duka, faffaɗar taya ta fi ƙara, kuma rami ɗaya zai iya lanƙwasa rim ɗin ya fasa gefen tayar. A titunanmu dogon gefe alheri ne. Haka masu Hilux da Prado da ke sha'awar taya mai manyan haƙora. Mai alamar M/T ta laka ce, a kwalta kuwa ruri take yi tun tana sabuwa, kuma yana ƙaruwa idan ta fara cinyewa. Mai A/T tsaka-tsaki ce, ta dace da wanda ke shiga ƙauyuka da hanyar burji. Wanda rayuwarsa duk a kwalta take, H/T ta ishe shi.

Sai shekaru. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na 2022. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, FRSC, ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka yi ta. Manyan kamfanonin taya kuwa, irin su Michelin, cewa suke a riƙa duba ta kowace shekara idan ta kai 5, kuma kada ta wuce 10 ko da zanenta yana nan. Wasu sukan kafa hujja da wannan saɓanin su yi watsi da batun gaba ɗaya. Ni a ganina, a ƙasar da mota ke yini a rana kuma ake ajiye tayoyin sayarwa a fili ba rumfa, ya fi dacewa mutum ya karkata ga gajeren wa'adin. Kuma a duba tsattsagewar da ke fitowa a gefen taya da cikin ramukan zane, domin ita ba ta ƙarya, lamba kuwa an sha samun masu goge ta su buga sabuwa.

Wannan ya kawo mu ga tayar hannu, 'yar Kwatano ko Baljiyam. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Ikeja jim kaɗan bayan haka, tayoyin motocin Najeriya daga waje suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci yana cikin jerin abubuwan da kwastan ta haramta, amma duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas ya san suna nan jibge. Ba zan zargi mai ƙaramin ƙarfi da ya saye su ba, na san yadda aljihu yake. Abin da nake so ya sani shi ne abin da yake saya. Da yawa daga cikinsu tayoyin hunturun Turai ne, waɗanda aka yi da roba mai laushi don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Ana gane su da hoton dutse mai kololuwa uku da ƙanƙara a cikinsa, da ƙananan tsaga masu yawa a kan kowane haƙori. Suna burge mai saye saboda zanensu mai zurfi ne, amma a kwaltarmu suna saurin narkewa, birkinsu ya yi tsawo, ga ƙugi. Alamar M+S ita kaɗai ba ta nufin ta hunturu ce, domin tayoyin Amurka na kowane yanayi ma suna ɗauke da ita.

Akwai kuma waɗanda aka sake yanka musu zane da wuƙa mai zafi bayan sun suɗe. Idan ƙasan ramin zanen ba sumul yake ba, ko babu waɗannan ƙananan tudu na milimita 1.6, ajiye ta. Ko sababbin ma ba duka suka tsira ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kama kwantenoni da aka cusa tayoyi a cikin juna, uku ko huɗu a cikin ɗaya, don a rage kuɗin dako. Wannan cusawar tana lanƙwasa wayar bakin taya da ke kama rim, kuma irin wannan tayar ba ta ƙara zama daidai, ko an yi mata balansin sau nawa. Ka dubi bakin tayar kafin a ɗaura, ka ga ko zagayensa ya tafi daidai.

Game da shiru, wasu tayoyin suna zuwa da takardar Tarayyar Turai a manne, wadda aka fara sawa a 2012 aka sabunta a 2021. Tana nuna abu uku: shan mai, riƙon jiƙaƙƙen titi, da ƙara a ma'aunin desibel, yawanci tsakanin 67 da 73. Bambancin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sauti, ko da yake kunne ba ya jin sa a matsayin ninki. Sai dai ƙarar da aka auna ta wajen mota ce, wadda mai tsayuwa a bakin titi ke ji, don haka manuniya ce kawai ga abin da za ka ji a ciki. Idan zan zaɓa tsakanin taya mai shiru da mai kyakkyawan riƙon ruwa, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka kuma suna da rubutun Temperature a gefe, da harafi A ko B ko C. Wannan jure zafi ne, kuma a nan A ya kamata a nema. Sunan kamfani yana da muhimmanci, amma sabuwar taya ta matsakaicin kamfani, mai shekarar bana da lambobin da suka dace, ta fi tsohuwa mai babban suna wadda ba ka san ramukan da ta faɗa ba.

Idan kuɗin biyu kawai ake da su, a sayi iri ɗaya, a sa su a layi ɗaya, kada a haɗa zane daban-daban hagu da dama. Kamfanonin taya suna ba da shawarar sababbin su tafi baya, abin da ke ba direbobi da yawa mamaki. Dalilin shi ne idan gaba ta zame a ruwa, direba yana ji a sitiyari ya rage gudu, amma idan baya ta zame, motar juyawa take yi gaba ɗaya. A kuma lura da rubutun jiki wajen ɗaurawa: mai kibiya da kalmar Rotation hanya ɗaya take juyawa, mai Outside kuma wannan fuskar ce ke kallon waje. Idan aka ɗaura su a juye, ƙara takan ƙaru, fitar da ruwa ya ragu.

Tayar da ta riga ta fara ƙugi fa? Idan kaifin haƙora ne kaɗan, sauya mata wuri yakan goge shi a hankali, ko da yake kwanakin farko ƙarar tana iya fin da. Idan kwari da tudu ne masu zurfi, ba za ta koma daidai ba. In zanenta yana da saura kuma shekarunta ba su ja ba, ana iya ci gaba da hawanta bayan an gyara shokozoba, a haƙura da ƙugin har ta ƙare. Wanda ba a haƙuri da shi daban ne: bugu mai zuwa sau ɗaya a kowane juyi, dum-dum-dum, tare da rawar sitiyari ko rangajin mota ko da a gudun kilomita 20 ko 30. Wannan yana nuna wayoyin ciki sun rabu da roba, kuma idan aka duba za a ga tudu a kan zanen ko kumburi a gefe. Faci ba ya gyara shi, sa tif a ciki ma ba ya gyara shi. A tsaya a wuri mai aminci, a sauke ta a sa safaya, ita ma safayar a auna iskarta a wurin mai faci na farko da aka tarar.